Bakin tiyo murfi yake so, ba kabari ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Ni ba ma'abocin alƙalami ba ne, ɗana ne ke buga wannan a wayarsa ina faɗa masa, in ka ga magana ta karkace to daga bakina ta fito haka. Sana'ata gyaran famfo da tiyo, abin da a nan Yamai ake ce wa pulambiye. Mutumin Tawa ne ni. A Abijan na koyi aikin lokacin da na tafi bida ina saurayi, yau kuma sama da shekara 30 ke nan ina yawo da jakar kayan aiki tsakanin Bukoki, Lazare, Banifandu da duk inda aka kira ni. Abin da ya sa na ɗauko magana ƙarami ne, har wani zai ce bai kai a ɓata masa takarda ba. Murfi ne. Murfin da ake yi wa ƙofar duba tiyo, wanda ake ɗagawa a mayar.

Ga wanda bai sani ba, duk gidan da aka ja wa tiyon fitar da ƙazanta, daga wese, wato masai, da dushe, wato wurin wanka, da wurin wanke-wanke zuwa fos, ramin tara ƙazanta, ko gologo, ana bar masa ƙofofi a hanya. Wata a ƙasa take, ɗan akwatin siminti ne da tiyo ke shiga ta nan ya fita ta can, shi muke kira regar. Wata a jikin tiyon take, ɗan reshe ne mai toshi da ake murɗewa, busho ke nan. Wata kuma a cikin bango. Ranar da tiyo ya toshe, ta nan ake zura waya a buɗe shi. Ba su da wani aiki ban da wannan, kuma gida na iya yin shekara 5 ba a neme su ba. Wannan shirun nasu shi ke sa ake binne su.

Ranar Alhamis ta makon jiya, bayan la'asar, aka kira ni wani gida a Banifandu. Sabon gida ne, bai fi shekara 2 da tarewa ba. Tsakar gidan an shimfiɗe ta da karo, wato tayil, tun daga bakin ƙofa har gindin bango, sumul, kana ganin fuskarka a ciki. Hajiya mai gidan za ta aurar da ƴarta ran Asabar, baƙi sun riga sun sauka daga Tawa da Ƙonni, mata sun fi 30 ban da yara. Ruwan wese ya ƙi tafiya, wanda aka zuba kuma yana dawowa ta ramin dushe, wari ya kai har falo. Tana ganina ta ce, "Malam, don Allah ka rufa mini asiri, jibi ɗaurin aure."

Na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Ina regar ɗin gidan nan?"

Ta dube ni ta ce, "Mene ne kuma regar?"

Aka kira ɗanta da ya gina gidan, yana ƙasar waje. Ya ce, "Wallahi Baba, ni kuɗi kawai nake turowa, ban taɓa ganin ƙarƙashin gidan ba." Aka nemi maginin, an ce ya koma gida noma. Aka samu mai karo a waya, shi kuma ya wanke kansa tas: an ce masa a yi tsakar gida kamar ta otel, kada a ga wani faci, shi ko ya yi abin da aka ce.

To ba a fafe gora ranar tafiya, amma ranar nan sai da muka fafe. Ni da yarona muka durƙusa muna bin karo ɗaya bayan ɗaya, muna ƙwanƙwasawa da ƙotar guduma muna kasa kunne, ko za mu ji inda ƙasa ke amsawa kamar ganga. Matsalar ita ce, karon da ba a cika masa siminti a ƙarƙashi ba shi ma haka yake amsawa. Sau 3 muna fasawa muna tarar da yashi. Mata na tsaye a kanmu, wata tsohuwa na cewa yau ga masu neman dukiyar da aka binne. Isha ta yi ba mu samu ba. Sai washegari da hantsi, bayan na bi layin daga inda tiyon ya fito bayan ɗaki na auna zuwa fos, muka faɗa kansa. Karo 11 muka fasa. Abin da aka rufe regar ɗin da shi, Malam Edita, guntun katakon kofraji ne, wanda ake tare kwaɓin siminti da shi, aka zuba siminti a kai aka ɗora karo. Katakon ya riga ya ruɓe, rabinsa ya faɗa ciki, ya tare hanya tare da kitse da yashi da ƙunzugun yara na kanti guda 2. Fitar da su da wanke tiyon bai ci minti 20 ba. Neman ƙofar ya ci yini da kwana.

Kuɗin aikina ba shi ne ya fi yi wa Hajiya ciwo ba. Karon ne. Na aika yaro kasuwar Katako da guntu a hannu, ya zagaya rumfa rumfa, babu irinsa. Karo kaya ne da ke zuwa a kwantena, in zubin nan ya ƙare sai wani zane ya zo, ballantana tun 2023 da aka rufe iyakar Benin kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina. Aka yi biki da darduma shimfiɗe a tsakiyar gida, ana ce wa yara kada su taka nan.

Kada a ce ina jifan masu karo ina ɓoye hannu. Ni ma na taɓa yi. Shekarar da na dawo daga Abijan, yayana ya ba ni aikin gidansa a Tawa, ina ji da kaina. Na sa busho a inda ya dace, amma don tsoron kada ya yi yoyo a ce ban iya ba, sai na shafa masa kol, wato gam ɗin tiyo, na murɗe shi. Kol ɗin tiyon roba ba manne abu yake yi kawai ba, narkar da fuskokin biyu yake su zama ɗaya. Bayan shekara 4 tiyon ya toshe, aka kira wani ya zo ya yanke reshen gaba ɗaya da zarto. Da na je gida da salla, Yaya bai yi mini faɗa ba. Ya ajiye guntun a gabana kusa da kwanon tuwo, ya ce, "Ga ƙofar da ka yi muna, ta Abijan." Har yau ina jin kunyar wannan rana. Busho giris ake shafa wa murɗinsa, ko man shafawa na jiki in babu giris, a ɗaure shi da hannu. Zoben robar da ke ciki shi ke tare ruwa da wari, ba kol ba.

Na san abin da masu gida ke gudu, kuma ba wauta ba ce. Suna gudun muni, suna gudun wari, suna gudun kyankyaso da ɓera. Duk wanda ya zauna gidan haya inda aka rufe regar da guntun kwano aka danne da bulo ya san abin da nake nufi. Da magariba kyankyasai ke fitowa layi layi, sauro kuma ya mayar da wurin gidansa, don akwai irin sauron da ya fi son ruwan ƙazanta, wanda ke hana barci da kukansa. Wanda ya sha wannan, ran da Allah ya hore masa ya gina nasa, sai ya ce a toshe ko'ina. Amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tsakanin buɗaɗɗen rami da kabari akwai abu na uku, kuma ba sabon abu ba ne.

Na tsakar gida da na cikin ɗaki, akwai murfin da aka yi musamman don a ɗora masa karo. Firam biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya. Na waje ana kafa shi a bakin regar daidai da tsayin daɓe. Na ciki kamar faranti yake, ana cika shi da siminti a manna masa karo irin na wurin, a tsakaninsu kuma akwai roba da ke hana wari fita. In an gama, ba ka ganin komai sai siririn layin ƙarfe da ƴan ramukan da ake sa ƙugiya a ɗaga. Ana samun na alminiyom da na ƙarfen da aka yi wa rufin hana tsatsa, masu faɗin santimita 30, 40, 50 har 60. In babu na kanti, ko aljihu bai kai ba, kowane mai walda a bakin Katako zai haɗa maka shi da ƙarfe mai kusurwa in ka kai masa awo. A shafa masa fentin hana tsatsa kafin a kafa, a cika tsakanin firam ɗin da giris. Dabarar da ke sa ya ɓace wa ido ita ce mai famfo da mai karo su zauna tun kafin a fara shimfiɗa, a sa bakin regar ya faɗa daidai kan layin karo. Wannan zaman na minti 10 shi ne ba a yi. Mai famfo ya gama nasa ya karɓi kuɗinsa ya tafi, bayan wata 6 mai karo ya zo, ba su taɓa ganin juna ba.

Talaka ma da ba shi da karo ba a bar shi a baya ba. Ƴar dal, wato faifan siminti, mai kaurin santimita 5 ko 6, da guntayen rodi a ciki da hannun ɗagawa, ta isa. Abin lura kawai, kada a zuba ta kai tsaye a kan bakin regar ta manne. A zuba ta gefe, ko a shimfiɗa takardar buhun siminti a tsakani. In ana so a liƙe gefenta saboda wari, a yi kwaɓi mai yashi da yawa siminti kaɗan, wanda bakin cebur zai kankare. Kuma kada a yi ta da girman da sai ƙarti 4 sun taru. Na sha zuwa gida in tarar da mata kaɗai, murfi kuma kamar dutsen niƙa.

Na bango ya fi ba ni takaici, don yanzu gidajen sama sun yi yawa a Yamai, tun ma ba da gwamnati ta rage kuɗin siminti a ƙarshen 2024 ba, kowa ya tashi gini. Tiyon da ke saukowa daga bene, mai faɗin milimita 100 ko 110, ana ɓoye shi cikin ginin bulo a kusurwa. A gindinsa, inda ya karya gwiwa ya kwanta, nan ne duk abin da aka jefa daga sama yake tsayawa, nan ne kuma ya kamata a sa reshe mai busho, a bar masa ƴar taga a bango mai murfi. Haka bayan wese irin na zamani da tankinsa ke cikin bango, haka gefen bahon wanka. Akwai ƴan tagogin roba farare da ake dannawa su buɗe, akwai na ƙarfe masu kusa mai murɗi, akwai kuma maganaɗisun da ake manna wa karo guda ya zama shi ne ƙofar. In karo aka yi amfani da shi, silikon ake bi gefensa da shi maimakon simintin cike layi, ranar buƙata a yanka da reza. Sai dai a yi tagar da girman da hannu da waya za su shiga. Na ga wadda aka yi santimita 15, busho kuma yana can gefe yana kallon bango. Wannan da ita da babu duk ɗaya. Ƙasa da 30 a kan 30 ni ba na yarda, kuma bakin busho ya kalli mai buɗewa. Kada kuma a zo a kafa kabad ɗin kicin a gabanta, wanda shi ma na gani ba sau ɗaya ba.

A Amurka, ƙa'idar aikin famfo da jihohi da yawa ke bi ta ce a sa irin wannan ƙofa a layin da ke kwance duk bayan abin da bai wuce ƙafa 100 ba, kimanin mita 30 ke nan, da kuma inda tiyo ya juya fiye da digiri 45, kuma dole a iya kai wa gare ta. Ni a nan ina matso da su kusa fiye da haka, don tiyonmu na cin abin da nasu ba ya ci. Muna wanke tukunya da yashi da toka. Iska na kwaso rairayi ta zuba a tsakar gida, a share a kora da ruwa. Ga ganyen shayin ƴan fada, ga ledar ruwa, ga gashin kanti da ake tsefewa a dushe. Ga uwa uba kitsen layya. Duk shekara, mako guda bayan babbar salla, bayan an gasa raguna an soye nama an wanke tukwane, wayata ba ta hutawa. Kitsen rago yana shiga tiyo da zafinsa kamar ruwa, ya yi ƴan mitoci ya huce ya daskare, yashi ya zo ya kwanta a kai, su zama kamar sabulu. In kuma magini bai ba tiyon gangara ba, wadda ya kamata ta kai kamar santimita 2 a kowace mita, to abin ya haɗu. Mutane sai su sayo asid su zuba. Asid ba ya narkar da yashi, ba ya narkar da leda. Yana tsayawa ne a bayan toshiyar yana jiran hannun wanda zai zo ya buɗe. Ina da tabo a damtse da zan nuna wa mai musu.

Na ƙofar gida da na gareji wata magana ce. Murfin ƙarfe na kanti yana da aji, an rubuta a jikinsa, bisa ma'aunin Turai da ake kira EN 124. Wanda aka rubuta wa A15 na masu tafiya a ƙasa ne da keke, nauyin gwajinsa kamar tan ɗaya da rabi. B125 shi ne na inda ƙaramar mota ke hawa, D400 kuma na tsakiyar titi. Mutum zai sayi mafi araha ya sa a inda yake ajiye mota, wata 2 ya tsage, ya ce kayan yanzu ba su da kyau. Kayan ba su yi laifi ba, ba a karanta ba ne. Na roba kuma in rana na dukansa kullum, irin ranar watan Afrilu ta Yamai, yana bushewa ya yi ƙaras. Sannan ga masu sayen tsohon ƙarfe. Murfin ƙarfe a waje in ba a ɗaure shi da sarƙa ko a yi masa maratayi an kafa cikin siminti ba, kwanansa ƙidayayye ne. Shi ya sa a bakin titi na fi ba mutane shawarar na siminti, ɓarawo ba ya wahalar da kansa a kai. Ramin da aka bari buɗe kuwa, da damina in ruwa ya rufe hanya, yaro ba ya ganinsa. Wanda ya ga yadda ruwa ya yi a unguwannin Lamorde da Saga a 2020, ko abin da ya faru a damina ta 2024, ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Da na ambaci damina, bari in yi wa maƙwabtana wata magana. Wasu in ruwan sama ya taru a tsakar gida sai su ɗage murfin regar don ya tafi. Yana tafiya kam, amma fos yake tafiya, da yashinsa da komai. Fos ɗin da zai yi shekaru sai ya cika a damina ɗaya, a kira motar kwasa a biya. Murfi mai ɗaguwa ba magudanar ruwan sama ba ne. Haka nan, in an ɗaga murfin fos ko regar mai zurfi, kada a leƙa da ashana ko taba a baki, akwai iska mai kamawa da wuta a ciki. Akwai kuma wata mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, a ƙasan rami take kwanciya, in ta yi yawa hanci ma daina jin ta yake. A buɗe a ja da baya a bar wurin ya sha iska, kuma kada a tura yaro ciki don shi ne ƙarami.

Roƙona ga masu duba zanen gida kafin a ba da izinin gini shi ne su riƙa tambayar inda ƙofofin nan suke, kamar yadda suke tambayar inda fos zai zauna. Malaman makarantun koyon sana'a kuma su haɗa ɗalibin famfo da ɗalibin karo a darasi ɗaya ko sau ɗaya ne. Amma wanda na fi so ya ji ni shi ne ɗan'uwana ɗan bida, wanda ke Abijan ko Libiya ko Faransa yana turo gumin goshinsa a gina wa tsohuwarsa gida. Kana neman a turo maka hoton falo da na ƙofa. Ka nemi a turo maka hoton tiyo tun yana fili, kafin a rufe, da wani a tsaye riƙe da mita daga bango zuwa kowane regar. Ka ajiye a wayarka. In ana lissafin karo kuma, ka sa a ƙara kwali ɗaya a ɓoye a ɗaki. Duk kuɗin murafun gida guda, in na walda ne, ba su kai abin da Hajiya ta kashe a daren nan ba.

Ran Litinin na koma Banifandu da firam ɗin da mai walda ya haɗa mini. Muka cike inda muka fasa da karon da ya fi kusa da nata a launi, muka kafa murfin, na sa ƙugiya na ɗaga shi na mayar a gabanta sau 2, na miƙa mata ƙugiyar na ce ta rataye a bayan ƙofar kicin. Ta tsaya tana kallon wurin, ta ce, "Malam, aiki ya yi, amma launin nan bai hau ba, duk wanda ya shigo sai idonsa ya faɗa nan." Na ce ai gara haka, ko bayan raina wanda ya zo ba zai yi ta ƙwanƙwasa ba. Ta ce ita dai tukunyar fulawa za ta ɗora a kai. Na ce ta ɗora, in dai wadda mutum ɗaya zai iya ɗagawa ce.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Wani tsohon pulambiye,
Bukoki, Yamai.